Kai Kaɗai Ne

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. An yi wani matashi a wannan zamani namu, ba zamanin kakanni ba, wanda Allah ya hore wa tsayi da ƙirji da ƙarfin ƙafa, ya kuma sa abincinsa a ƙwallo. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da uwa, kuma baiwar Allah ba ta yi mana laifin komai ba. A fili dai Ƙyaure ake ce masa, saboda mai tsaron baya ne, kuma idan ya tsaya a gaban raga sai dai ɗan wasan gaba ya nemi wata hanya.

Na ga waɗansu dattawa sun fara yamutsa fuska, wai yau kuma Malam ƙwallo zai yi mana? E, ƙwallo zan yi muku. 'Ya'yanku can suke wuni, hankalinsu can yake kwana, kuma Shaiɗan bai taɓa cewa shi ba ya shiga filin wasa ba. Ku yi haƙuri ku ji ƙarshen maganar.

Wannan yaro maraya ne. Uwarsa tela ce, tana ɗinki a ɗaki ɗaya wanda shi ne shago, shi ne falo, shi ne wurin kwana. Ya taso yana buga ƙwallo a filin bayan makaranta, inda tsakuwa ta fi ciyawa yawa, da takalmin da aka ɗinke aka sake ɗinkewa. Ana nan wata babbar ƙungiya ta gan shi, ta ɗauke shi, ta yanka masa albashi. Ya bar garinsu da jaka ɗaya da addu'ar uwa, ya tafi birnin da bai san kowa ba.

A ƙungiyar akwai kyaftin, shi ma mai tsaron baya. Shekarunsa ba su wuce talatin da 'yan kai ba, amma a sana'ar ƙwallo wannan tsufa ne, shi ya sa yara suka laƙaba masa Kawu. Kullum suna tsokanarsa, wai a sayo masa sanda da tabarau, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce duk wanda ya isa ya zo ya wuce shi da ƙwallo. Wata rana bayan atisaye Kawu ya leƙa masaukin sababbin 'yan wasa, ya tarar da Ƙyaure a kan katifar da ta huje, rufin ɗaki na ɗiga a cikin bokiti. Bai yi doguwar magana ba. Cewa ya yi, "Ɗauko jakarka."

Ya kai shi gidansa. Aka kwashe tsofaffin takalma da keken yara daga ɗakin baya, aka share, aka sa labule. Matar Kawu ta ce wa 'ya'yanta, "Ga yayanku, ku gaishe shi." Shi kuma ya riƙa ce mata Anti. Tare suke cin abinci da maigidan a kwano ɗaya, tare suke fita a mota ɗaya, kuma idan ya yi zazzaɓi Anti ce ke tsayawa a kansa har ya sha magani. Hannu bibbiyu aka riƙe shi, ba dangin iya ba na baba.

To, bayan ci da sha, Kawu ya ba shi abin da ya fi su tsada, wato sirrin sana'a. Mu da muke kallo daga nesa muna zaton da ƙafa ake tsaron baya. Masu yi sun ce da baki ake yi. Idan ƙwallo ta taso sama tana saukowa kanka, idonka yana kanta, ba ka ganin abin da ke bayanka. Abokin tsaronka shi ne idonka. Idan ya ce "Bayanka!", to wani na tafe a guje, sai ka doke ta ko ina ne ta tafi. Idan ya ce "Kai kaɗai ne!", babu kowa kusa, sai ka tare ta da ƙirji, ka ajiye ta, ka juya a tsanake. Idan gola ya ce "Tawa ce!", sai ka janye jikinka ka bar masa. Babu lokacin waiwaye, babu lokacin tambaya. Ka ji, ka yarda, ka aikata, duk a cikin numfashi ɗaya. Mutum yana ɗora ƙafarsa da abincin iyalinsa a kan maganar ɗan'uwansa.

Kawu ya riƙa tsayar da shi bayan kowa ya watse, yana jefo ƙwallo yana sa shi kira. Idan murya ta yi ƙasa sai ya daka masa tsawa, "Buɗe baki, yaro! Zance kake yi da budurwa?" Haka suka yi ta yi har maƙogwaron yaron ya dushe, ya warke, ya zama idan ya yi kira sai an ji shi a ɗaya gefen fili.

Amma wurin masu tsaron tsakiya biyu ne, kuma biyun suna da masu su: Kawu da wani ƙato da ake kira Dogo. Ƙyaure a benci yake zama, da riga mai tsabta, yana tafa wa waɗansu. Sai Allah ya kawo rabonsa, tsokar cinyar Dogo ta yage, aka ce sai ya yi jinya mai tsawo. Koci ya sa Ƙyaure a gefen Kawu. Yaro kuwa ya yi abin a zo a gani. 'Yan kallo suka fara rera sunansa, gidan rediyo ya yi hira da shi, wayarsa ba ta hutawa. Kawu ya fi kowa murna, duk inda ya zauna sai ya ce, "Ɗana ne wannan."

Dogo ya fara samun sauƙi, ya fara gudu a gefen fili. Koci mutum ne mai faɗin gaskiya, ya kira Ƙyaure ofis ya ce masa ya yi ƙoƙari, amma idan Dogo ya dawo zai koma benci, ya yi haƙuri, lokacinsa na zuwa. Yaro ya fito zuciyarsa na tafasa. A bakin ƙofar filin ya haɗu da dillalin 'yan wasa, irin mutanen nan masu waya biyu da turaren da ke riga su shiga ɗaki. Dillali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Masu sayen 'yan wasa ba sa duban benci, ƙanena. Wuri biyu ne, ku uku ne. Dogo ba ya taɓuwa. Tsoho kuwa, kuskure biyu ko uku ya rage masa." Bai ce masa ya yi komai ba, wallahi bai ce ba. Ya dai ajiye maganar ya shiga motarsa, Shaiɗan ya ɗauka daga nan.

Ya 'yan uwa, babu wanda ke fara saɓo da babba. Ƙyaure da jinkiri ya fara. Ƙwallo za ta taso, ya ga mutum na tafe bayan Kawu, "Bayanka!" tana kan harshensa, sai ya riƙe ta na ƙiftawar ido, sannan ya sake ta bayan ta daina amfani. Aka ƙwace ƙwallo a ƙafar Kawu aka jefa a raga. Wasa na gaba aka sake. Wa zai kama shi? Alƙalin wasa ba ya hura usur don an yi shiru. Na'urar ɗaukar hoto ba ta ɗaukar maganar da ba a faɗa ba. Abin da kowa ya gani shi ne kyaftin ya yi nauyi, ana ƙwace masa ƙwallo kamar ƙaramin yaro.

'Yan kallon da suka shekara goma suna yabonsa suka juya masa baya. "Kawu, je ka huta!" "Kawu, gida ana nemanka!" Har robar ruwa aka jefe shi da ita. 'Ya'yansa suka dawo daga makaranta suna kuka saboda abin da ake faɗa a kan ubansu.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Bayan an tashi wasa, mota ɗaya suke shiga su koma gida. Anti ta ajiye musu kwano. Kawu ya wanke hannu ya ce cikin sanyin murya, "Yau ka ɗan makara da kira, ɗana." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ihu ne ya yi yawa, Kawu." Sai bawan Allah ya girgiza kai ya ce, "Ƙila kunnena ne ya fara tsufa," ya tura masa tsokar nama gabansa. Kuma yaron ya ɗauka ya ci! Ya tauna ya haɗiye, ya sha ruwa, ya ce alhamdu lillahi. Kai jama'a! Wane irin maƙogwaro ne wannan? Ta ina loma take bi ta wuce?

Duk da haka koci bai cire Kawu ba, don ya san darajarsa. Dogo ya warke sarai, aka ce wasa ɗaya ya rage ya dawo. Ƙyaure ya ga jinkiri bai biya masa buƙata ba.

Ranar wasan fili ya cika maƙil. An kusa tashi, babu wanda ya ci wani. Golan abokan hamayya ya doko doguwar ƙwallo, ta yi sama, ta nufo Kawu. Kawu ya ɗaga kai yana bin ta da ido. A bayansa ɗan wasan gabansu, wani mai jiki kamar buhun siminti, ya taho da duk gudun da Allah ya ba shi. Ƙyaure yana tsaye yana kallonsa, ƙuru-ƙuru, babu abin da ya tare masa gani. Ya cika ƙirjinsa da iska, da muryar nan da Kawu ya gina masa, ya ce:

"Kai kaɗai ne!"

Kawu bai waiwaya ba. Don me zai waiwaya? Ɗansa ne ya yi magana. Ya tare ƙwallo da ƙirji, ya kafa ƙafar dama a ƙasa, ya saki jiki zai juya. Wancan kuwa ya riga ya zube yana sulalowa don ya taɓa ƙwallo, bai taɓa zaton mai tsaron baya zai tsaya masa a hanya haka ba. Nauyinsa duka ya sauka a gwiwar da ke kafe. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi ta don ta lanƙwashe ba.

Na san wani zai ce, Malam, ai bai yi nufin karya shi ba, so ya yi a ƙwace ƙwallo kawai. Haka ne, shi ma abin da ya riƙa gaya wa zuciyarsa ke nan. To ni ina tambaya: idan ka ce wa makaho hanya a buɗe take alhali kana ganin mota, kai ne za ka zaɓi inda za ta buge shi?

Aka fitar da Kawu a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Bai yi ihu ba. Da aka zo wucewa da shi ta gaban Ƙyaure, ya juyo da kai ya dube shi, kallo ɗaya, har aka shige da shi.

Aka tashi wasa, aka koma ɗakin canza kaya. Golan ƙungiyar, wanda ke tsaye 'yan taku kaɗan a bayansu lokacin da abin ya faru, ya cire safar hannunsa ya yar a ƙasa. Ya tako har gaban Ƙyaure ya ce, "Me ka ce masa?"

Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofar tuba ta farko. Da ya fashe da kuka ya ce na yi kuskure, da labarin nan ya canza. Amma sai ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Cewa na yi ba kai kaɗai ba ne. Ihun mutane ne ya cinye 'ba'. Wallahi tallahi abin da na ce ke nan."

Ku ji fa! Ya ci amana, ya yi ƙarya, sannan ya jawo sunan Allah ya rufa a kai.

Shugabannin ƙungiya suka karɓi maganar, don su a ofis suke zama. 'Yan jarida suka rubuta tsautsayi ne. Amma 'yan wasa suka dubi juna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a baya ya san babu mai cewa "ba kai kaɗai ba ne" a tsakar fili. Wa ke da lokacin wannan dogon zance alhali ga "Bayanka"? Gola ya ce, "'Ba' guda biyu ce a maganar, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya. Wane irin ihu ne mai wayo haka, da zai tsince su biyun ya bar sauran?" Babu wanda ya yi dariya.

Likitoci suka yi wa Kawu aiki, suka ce zai taka, amma shi da ƙwallo har abada. Da 'yan jarida suka matsa masa, abin da ya ce kawai shi ne, "Abin da na ji, na ji. Allah ya san sauran." Ƙyaure bai je asibiti ba ko sau ɗaya. Ya jira ranar da Anti ta tafi kai abinci, ya shiga ɗakin baya ya tattara kayansa, ya bar makulli a kan taga, ya fice ba sallama. Ya kama gida mai bene, ya sayi mota, aka ba shi wurin Kawu a gefen Dogo. Abin da ya nema ya samu, cif.

To, sai ku ji yadda Allah ke kama mutum ba tare da ya aiko da tsawa daga sama ba.

Da farko maganarsa ce ta mutu. Zai ce wa Dogo "Kai kaɗai ne!" da gaskiyarsa, Dogo sai ya doke ƙwallo waje. Zai ce "Ku fito!" don a kama abokan hamayya da satar gida, sai 'yan uwansa su yi jim, ɗaya ya fito ɗaya ya tsaya, a ratsa ta tsakiyarsu. Ba haɗa baki suka yi ba. Jikinsu ne ya ƙi yarda. Kowa yana da gwiwa, kowa yana da iyali, kowa ya ga abin da aka yi wa wanda ya yarda.

Amma wannan ƙarami ne. Babban bala'in a cikin ƙirjinsa yake. Tun da ya san abin da baki zai iya yi, sai ya kasa yarda da bakin kowa. Aka ce masa "Kai kaɗai ne!", sai ya ce yau ce ranar ramuwa, ya waiwaya, ƙwallo ta dira a kansa ta wuce. Aka ce "Bayanka!", sai ya yi zaton so ake a firgita shi ya ji kunya, ya tsaya riƙe ƙwallo, a ƙwace. Yaron da ake yabo da natsuwa ya koma mai waige-waige kamar wanda ya ɗauki abin wani a kasuwa. 'Yan kallo suka fara cewa ƙyauren nan fa sakatarsa ta ɓalle.

Gola mutum ne mai tsoron Allah. Wata rana ya tare shi a hanyar fita ya ce, "Saurara. A waje ba ni ba kai, ko gaisuwa ba na so. Amma a cikin fili ba zan taɓa yi maka ƙarya ba, don ni ba kai ba ne. Abin da na ce maka, ka yarda." Gaskiya ya faɗa masa tsakaninsa da Allah. Ƙyaure ya tafi gida yana juya maganar, ya ce a ransa, wannan shi ne tarkon.

Dillali ya ga kayansa na neman faɗuwa, ya yi sauri ya gayyato masu saye daga wata ƙasa. Suka zo suka zauna a rumfar manya da tabarau. Ƙyaure ya shiga fili ya san rayuwarsa na kan wannan wasa. Aka samu bugun kwana a kansu. Ƙwallo ta taho tana lanƙwasa zuwa bakin raga. Gola ya gan ta sarai, tasa ce, ya taso da gudu ya ƙwala kira, "Tawa ce! Bar ta!"

Kowane mai tsaron baya a duniya da ya ji wannan zai sunkuya. Ƙyaure ya ji, da kunnuwansa biyu lafiyayyu ya ji. Sai zuciyarsa ta ce masa, ƙarya yake, so yake ka bari a ci ka a gaban baƙi. Ya yi tsalle ya kai kansa. Gola kuwa ya riga ya tashi sama da dunƙulallun hannuwa biyu, babu yadda zai yi ya tsaya. Naushin da aka shirya wa ƙwallo ya sauka a gefen kan Ƙyaure na hagu, ya faɗo ya bugu da ƙarfen raga a wuri guda.

A asibiti ya farfaɗo. Ƙashin da ke bayan kunne ya tsage. Likita ya ce kunnen hagu ya mutu, ba zai ƙara ji da shi ba, kuma jiri zai riƙa ɗibarsa duk lokacin da ya juya da sauri. Ƙwallo da ka kuwa, ko a mafarki. Masu saye suka hau jirgi suka koma. Wayar dillali ta daina shiga, duka biyun. Ƙungiya ta biya kuɗin magani ta sallame shi. Uwarsa ce ta rufe shago ta zo ta zauna a gefen gadonsa.

Wata rana da hantsi yana kwance a kan gefensa na dama, fuskarsa na kallon ƙofa, don ba ya iya kwanciya a kan ciwon. Sai ya hango ta ƙofar wani mutum na tahowa a barandar asibiti yana dogara sanda, yana jan ƙafar dama. Kawu ne. Ƙyaure ya yi maza ya danna kunnensa mai ji a cikin matashi, ya rufe ido, ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Uwar ba ta san komai ba. Ta tashi da murna tana yi wa baƙon godiya, tana cewa shi ne ya riƙe mata ɗa kamar nasa, Allah ya saka masa. Ta fita nemo masa kujera. Ɗakin ya rage su biyu.

Kawu ya matso bakin gadon. Sannan ya dafa ƙarfen gadon, ya sunkuya da ƙyar, ya kai bakinsa kan kunnen da ke sama, ya yi magana. Bai san wannan ne kunnen da ya mutu ba. Ƙyaure ya ji ɗumin numfashinsa a wuyansa, ya ji maganar gajeriya ce, amma ko harafi ɗaya bai shiga ba. Kawu ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya tafi, kafin ma a kawo kujerar.

Ya 'yan uwa, me ya rage masa? Ya buɗe ido kawai! Ya juyo ya ce, "Kawu, ban ji ba, maimaita." Ya kama wannan hannu ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Mutumin da ka nakasa ya jawo ƙafarsa ya hawo matakalar asibiti ya zo inda kake, kai kuma kana barcin ƙarya? Tir da wannan hali! Girman kai da tsoro suka danne shi a kan gado har ƙarar sandar ta ɓace.

Bayan an sallame shi ya ce zai je. Gobe, jibi, bari jiri ya ragu, bari in samu abin da zan riƙe a hannu. Kawu kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Shekara ba ta zagayo ba aka ce ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

Sai a lokacin Ƙyaure ya shiga mota ya tafi. Ya nemi gidan, ya ƙwanƙwasa. Anti ta buɗe ƙofa kaɗan, ta gan shi, ba ta ce ya shigo ba. Ya durƙusa a ƙasa yana kuka, ya faɗi gaskiyar da ya ɓoye, duka. Sannan ya ce, "Anti, don girman Allah, ranar da ya zo asibiti, ya gaya miki abin da ya ce mini?"

Ta dube shi ta ce, "Bai gaya mini ba. Ya dawo ya yi alwala ya yi salla, bai ƙara tayar da maganarka ba har ya rasu. Da ni ce na je, na san abin da zan ce maka." Ta mayar da ƙofa ta rufe.

Yau yana nan a shagon uwarsa, yana guga da sa maɓalli. Idan ka yi masa magana sai ya karkato da kai. Motar ta tafi, benen ya tafi, kuma ba su ne ke cinsa ba. Abin da ke cinsa shi ne 'yan kalmomin nan da aka zuba a mataccen kunne. "Na yafe maka" ne? Ko "Allah ya isa" ne? Tsawonsu kusan ɗaya. Ya bi malamai yana tambaya, kowa ya ce masa ya tuba, ya yi wa mamacin addu'a, ya kyautata wa marayunsa, rahamar Allah tana da faɗi. Gaskiya suka faɗa masa. Amma babu malamin da zai iya gaya masa abin da Kawu ya ce. Sai ranar da za a tsayar da su biyu a gaban Wanda ba a ɓoye masa "ba" ko ɗaya.

To ku saurare ni da kyau, don ba na so wani ya fita nan yana cewa labarin 'yan ƙwallo ne. Kai makanike da ka ce wa mai mota birki lafiya lau, alhali ka ga yana yoyo, me ka ce masa in ban da abin da yaron nan ya ce? Kai da aka tambaye ka halin mutum kafin a shiga kasuwanci da shi, ka san maciyin amana ne, ka ce ba komai? Kai da ke zaune ofis ɗaya da wanda ya koya maka aiki, kana ganin kuskure na tafe masa, ka kame bakinka don kujerarsa ta yi maka kyau? Duk wanda ya juya baya ya dogara da bakinka, amana ya ba ka, ko bai ce amana ce ba. Kuma ku sani, wanda ya saba yi wa mutane ƙarya, azabarsa ta farko ita ce ba zai ƙara samun daɗin yarda da kowa ba.

Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka yi nadama ka roƙe shi, Mai gafara ne. Amma haƙƙin ɗan Adam yana hannun mai shi. Idan akwai wanda ka cuta kuma yana numfashi, kada ka jira jiri ya ragu. Ka tashi daga wurin nan ka tafi ƙofarsa yau, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ka tsaya da idonka a buɗe har ka ji amsarsa.

Ya Allah, ka tsarkake harsunanmu daga ƙarya. Ka sa mu zama masu faɗa wa 'yan uwanmu gaskiya a lokacin da take da amfani. Kada ka ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu, kada kuma ka ɗauki ran wanda muka cuta kafin mu kai ga ƙofarsa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya. Amin.